Kwalaben Bayan Randa

Shekarar da kananzir ya yi ɓatan dabo a Gusau, ba a jima da ƙirƙiro jihar Zamfara ba, Maijidda ta samu aikin koyarwa a wata firamare. Ita 'yar Bungudu ce, aure ya kawo ta Tudun Wada, ba ta da uwa ko ƙanwa a kusa da za ta bar wa ɗanta Anas. Mijinta Mannir ya ce abu mai sauƙi, ai ga gwaggonsa Inna Tambaya, wadda mata ma'aikata ke kai wa yara da safe su ɗauka da azahar.

Tsohuwar ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Rijiyarta da murfi, kunun yara ba ya kwana, kuma duk yaron da ya shigo sai ta tofe shi da addu'a saboda baki da iska. Sai dai tana sayar da kananzir, a kwalaben lemo take aunawa, ta jera su bayan randa wai nan ne inuwa. Fari tas kamar ruwa, daidai inda yaro mai ƙishi zai nufa.

Tun ranar farko Maijidda ta gan su. Anas ya fara tafiya, kuma komai ya samu sai baki. To amma ɗan fari ne. Yadda aka rene ta, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, balle ta nuna tana tsoron wani abu ya same shi. "Kai" take ce masa, in da mutane kuma "yaron nan".

Ta daɗe tana juya maganar a ciki. Wata safiya ta durƙusa ta gaishe da tsohuwa, ta ce a hankali, "Inna, da an ɗaga kwalaben ga sama, saboda ɗiyan mutane."

Inna Tambaya ta tafa hannu. "Ɗiyan mutane ko naki? Ku zo ku ga zamani, uwa na tsaron ɗan hwari gaban uwar miji! Mijin naki ma ni na rene shi, mi yas same shi?"

Matan da suka kawo yara suka kwashe da dariya. Maijidda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ta kai wa Mannir maganar, ya ce shi bai iya koya wa gwaggo reno, kuma shi ma ai ɗan farinsa ne, da wane baki zai yi magana? Daga nan ta ja bakinta. Kullum tana aji tana rubutu a allo, zuciyarta tana bayan randa.

Ranar da abin ya faru bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Ta dawo da azahar ta tarar da zaure cike da mata. Ashe Inna ta shiga wanka, Anas ya nemi ruwa, ya sami kwalba. Da aka gan shi yana tari sai aka yi abin da kowa ya sani: aka ɗura masa manja, aka sa masa yatsa a maƙogwaro don ya amayar. A asibiti wata nas ta ce da ba a sa shi aman ba da sauƙi, aman ne ya tura kananzir cikin huhu. Ya kwana yana jan numfashi da ƙyar. Washegari da hantsi ya cika.

A wurin gaisuwa Inna Tambaya ce ke kuka tana dukan ƙirji, mata na riƙe ta. Maijidda na gefe a kan tabarma, idonta a bushe, domin kukan ma ba a yi wa ɗan fari a gaban jama'a. Ga baƙin ciki, ga haushin kanta da ya fi komai ciwo. Dariyar mata ce fa kawai ta ji tsoro. Dariya.

Wata dattijuwa da ta zo daga Tsafe ta nuna ta da baki, ta ce wa na kusa da ita, "Kun ga ɗiyar gidan mutunci. Ko hawaye babu. Tun shina raye ba a taɓa jin sunanshi ga bakinta ba." Mata suka yi ta sa mata albarka.

Maijidda ta tashi kamar za ta zagaya, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Rigarsa na nan a kan gado, ja da manja, tana warin kananzir. Ta cusa fuskarta a ciki don kada a ji ta a waje.

"Anas," ta ce. Sai ta tuna ko da yana nan, ba lalle ya waiwayo ba, don bai taɓa jin sunan da muryarta ba.