Fararen Kwat na Elbert Pettaway

Elbert Pettaway, baƙar fata ɗan Amurka, ya fara busa kakaki ne a bayan masu ɗaukar gawa a Memphis. Kafin shekarar 1944 ya zama shugaban makaɗa goma sha shida, kuma babu gidan rawa a Chicago da bai san fararen kwat ɗinsu ba. A shekarar ce wani kamfanin fim ya gayyace su Los Angeles.

Ranar farko aka naɗi sautin kiɗansu. Washegari aka kira su ɗaukar hoto, inda za su riƙa motsa hannu daidai da abin da aka naɗa. Suna shiga sai ga mai kula da sutura da tulin rigunan kuku da dogayen huluna.

Daraktan, wani Bature mai suna Mista Lindqvist, ya ce, "Masu girkin otal za ku fito. Ku yar da tukwane, ku ɗauki kakaki. Mutane za su sha dariya."

Roscoe mai ganga ya juya hular a hannunsa. "Maigida, ni fa ko ƙwai ban iya soyawa ba. Tambayi matata."

Mutanen suka yi dariya, amma idonsu na kan Elbert. Shi kuwa ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ya yi shekara ashirin yana karanta rubutun kiɗa, akwai wanda aka yi wa duka a hanya saboda ya nemi ruwan sha.

Ya ce, "Yallabai, girki sana'a ce mai mutunci, da ita uwata ta raine mu. Amma ba ita muka zo yi ba. Da kwat muke kiɗa."

"To sai in kawo wasu su tsaya a madadinku."

"Kawo su. In ka sami mai bin hannun Roscoe a kiɗan jiya, ni da kaina zan ɗaura masa rigar."

Har mutum uku aka gwada kafin azahar. Na ukun ya ajiye sanduna ya ce shi hannu biyu gare shi. Lindqvist ya daɗe yana taunar sigari, sannan ya sa aka kwashe tukwanen.

Minti huɗu suka samu a fim ɗin. Bayansa Elbert ya fito a wasu biyar, ba a sake kawo masa rigar kowa ba.

Da fim ɗin farko ya iso Memphis, yayarsa Odessa ta sa hular zuwa coci, ta hau benen da aka ware wa baƙaƙe. Da Elbert ya ɗaga hannu, kakaki suka tashi gaba ɗaya, sai ta taɓa matar da ke kusa da ita.

"Baiwar Allah, kin ga dogon nan na gaba? Ƙanena ne. Ni na goya shi."

Ta zauna ta sake kallo har sau biyu.