Ƙwayar da Yaya Ya Haɗiya

Ciwon dajin hanji ne ya kashe Babanmu. Ranar da muka je ɗaukar gawa, likitar da ta yi jinyarsa ta tare mu a baranda, ni da Yaya, ta ce ciwon nan yana bin jini, mu zo a leƙa cikinmu. Ta ce kafin ya zama daji ɗan tsiro ne kamar ƙwayar wake, in an gan shi da wuri a tsinke, shi ke nan. Yaya ya tambaye ta ta ina ake leƙawa. Ta faɗa masa.

Ni facin taya nake yi, shi tirela yake ja. Na san ƙaramar ƙusa ce ke kwantar da babbar mota, don haka na je. Suka ba ni wani ruwa mai gishiri-gishiri na sha, na wuni ina zarya bayan gida har abin da ke fita ya koma kamar ruwan famfo. Da suka zura kyamara, akwai na'urar da ke zana ɗan koren akwati a talabijin duk inda ta ga abin da ba ta yarda da shi ba. Ta kama tsiro biyu. Likita ta ce na biyun ya laɓe a bayan lanƙwasa, da idonta kaɗai wataƙila da ta wuce shi. Aka tsinke, na sa wandona na tafi.

Da ƙyar ni da matarsa muka shawo kan Yaya. Ya sha ruwan, ciki ya fara murɗawa, sai ya yi abin da direban doguwar hanya ya saba: ya haɗiyi ƙwayar tsayar da zawo. Shekara da shekaru haka yake yi, don tirela ba ko'ina take tsayawa ba. Ya ce da furfurarsa ba zai ɓata wando tsakanin gida da asibiti ba.

Likita ta fito ranta a ɓace. Ta ce hanjin cike yake, na'ura ba ta gani ta cikin ƙazanta, sai an sake. Yaya ya ce sau ɗaya ake yi wa namiji haka.

Na bi shi gida, na bi shi tasha. A gaban abokan aikinsa ya ce, "Kai mai faci, ji da tayoyinka. Ni ba tiyub ba ne da za a yi ta tsoma ni a ruwa ana neman huji." Suka kwashe da dariya. Na ce masa Baba ma haka ya yi ta taurin kai. Ya ce in bar masa wurin.

Damina ta wuce, wata ma ta wuce. Rannan matarsa ta zo rumfata, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce tana ganin jini in tana masa wanki, kuma ya ƙara wa bel ɗinsa huji. Shi ya ce basir ne.

Muka matsa masa har ya yarda a sake. Wannan karon da ya sha ruwan na kwashe ƙwayoyin na zuba a aljihuna, na kife bokiti a ƙofar bayan gida na zauna. Yana ciki yana zagina har muryarsa ta dushe. Hanji ya wanku tas.

Likita ta bar ni na tsaya daga gefe. Kyamara ba ta yi nisa ba ta ci karo da wani jan abu, ya kusa toshe hanya. Koren akwatin ya fito a kansa, amma ko ni na gani ba sai an nuna min ba. Ta ce wannan ya wuce tsinka. Sai yanka, kuma sai an duba ko ya taɓa hanta.

Da allurar barci ta sake shi, likita ta maimaita masa. Ya juyo gare ni.

"Ƙanena, kira mai motar ka ce ya nemi wani direba. Kuma kar ka faɗa wa 'yan tasha ta inda aka gani."

Na ce to. Na durƙusa na sa masa takalmansa.