Gayyar Alhaji Magagi

Idan mutum ya hana kiɗa a gonarsa, sai kiɗan maƙwabci ya tsallako iyaka ya nome masa gero, wa ya ciyar da gidansa, shi ko ganga? Na daɗe ina juya tambayar nan a rumfata ta gyaran rediyo a kasuwar Filinge. Na kai ta gaban malamai biyu. Ɗaya ya yi dariya, ɗayan ya ce in matsa zai yi alwala. Har yau ban samu amsa ba.

Kawuna Alhaji Magagi ne ya jawo min ita. A ƙuruciyarsa babu wanda ya kai shi rawar gayya a ƙauyenmu na ƙasar Kurfai. A wajenmu idan aka tara samari noman taimako, mai gona ne ke buɗe aiki. Makaɗi zai tsaya a bakin gona ya buga masa takensa, shi kuma ya shigo da gangar yana rawa a gabanta, yana cilla hauya sama yana caɓewa. Sai ya yi haka samari ke jera hauyoyinsu. Tsofaffi sun ce hauyar Kawu takan yi sama har mata su rufe ido.

Da ya dawo daga Makka, sai ya tsaya a ƙofar masallaci ya sanar cewa ya bar rawa, kuma ganga ba za ta ƙara shiga gonarsa ba. Babu wanda ya tambaye shi. Matarsa, Inna Basiratu, ta ce gwiwarsa mai ciwo ce ta riga mai ita tuba.

Bana 'ya'yansa maza suka tafi cin rani Abijan ba su dawo ba. Ruwa ya yi ta zuba, ciyawa ta tashi ta shaƙe gero har ganyensa ya fara yin rawaya. Kowa ya san in aka ƙara ruwa ɗaya ba a nome ba, rumbun Kawu zai kwana wayam a bana. Sai ya kira gayya. Ya sa aka dama fura, aka tuƙa tuwo, ya kuma ja kunnen kowa cewa babu kiɗa.

Gonar da ke gabas da tasa ta Moussa ce, wani Bazabarme sa'ansa, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun tsokani juna ba. Da Moussa ya ji ranar da Kawu ya sa, shi ma ya sa tasa gayyar a ranar, ya ɗauko Saminu, makaɗin da ya fi kowa iya gangar noma a yankin.

Na rufe rumfa na je taya Kawu. Samarinmu suka kama aiki kamar masu zaman makoki, hauya na tafiya ciyawa na miƙewa a bayanta. Can sai gangar Saminu ta tashi daga gabas. Waɗanda ke kusa da iyaka suka miƙe wuya, hauyoyinsu suka shiga gudu. Kafin hantsi duk samarin sun zame sun koma gefen gabas ɗaya bayan ɗaya, har suna nome wurin da aka riga aka nome, yamma kuwa ciyawa na shan iska.

Kawu ya ja ni ƙarƙashin gawo.

"Abdurrazak, kai da ka cika karance-karance, kiɗan da iska ta kawo, laihin wa?"

Na juya tambayar a raina, don ta fi ƙarfin yadda ya ɗauke ta.

"Kawu, ina jin na iska ne. Amma..."

"Ya isa. Bar amma ɗin nan."

Ya tafi da kansa ya jera samari daidai inda sautin ya fi zuwa. Aiki ya yi kyau. Na ga babban yatsan ƙafarsa na motsi cikin takalmi.

Da rana ta take aka huta shan fura. Gonar Moussa kuwa ta zama dandali. Zabarmawan da suka zo masa daga garin Damana suna dukan ƙasa da diddige, ƙura na tashi. Wasu Buzaye biyu da rawunansu suna tsaye cak, kafaɗa da tafin hannu kawai ke yawo a hankali kamar ba sa so. Wani Bafulatani ya bar shanunsa a bakin hanya ya zo yana tsalle a jikin sandarsa. Ganga ɗaya ce, kowa da abin da ya ji a cikinta. Samarinmu suna kallo, fura na zuba daga ludayi.

Moussa ya leƙo iyaka, ya ga yadda gefen gabas ɗin Kawu ya yi fes. Ya tsaya ya riƙe ƙugu. Sai ya kira Saminu ya tura shi can ƙarshen gonarsa, bayan tudu. Sauti ya ɓace, hauyoyinmu suka mutu.

Kawu ya yi haƙuri iyakar iyawarsa, sannan ya taka zuwa iyaka.

"Moussa, mi ya sa ka kai yaron nan cikin rana? Ga inuwa nan kusa."

"Fofo, Alhaji!" ya gaida shi da Zabarmanci. "Tausayin kunnenka na ji. Kada in ɓata maka hajji."

"Iska ce ke kawowa, ba ni na kira ba."

"To kira iskar ta nome maka yamma."

Samarin gonakin biyu suka fashe da dariya. A lokacin ne muka lura gabas ta fara haɗa baƙin hadari. Kawu ya dube shi, ya dubi rabin gonarsa da ba a taɓa ba. Muryarsa ta sauka.

"Ara mini shi zuwa la'asar."

"Ɗauke shi har da samarina, mun ƙare. Amma tambaye shi, ba akuyata ba ne."

Aka kira Saminu. Ya durƙusa ya gaida Kawu da ladabi, ya ce gangar nan ta ubansa ce, kuma ba ta taɓa shiga gona da ƙafarta ba, sai mai gona ya shigo da ita.

"Ga Abdurrazak, ɗan ƙanwata ne, shi yi."

"Baba Alhaji, in rediyo ya lalace shi za mu nema. Gona taka ce."

Na ji daɗin wannan amsa fiye da yadda ya kamata.

Kawu ya ce ya yi magana a ƙofar masallaci, kuma dattijo ba ya lashe maganarsa. Ya juya zai tafi. Sai Inna Basiratu ta ajiye ƙwaryar fura, ta ɗaure zanenta tamau, ta ɗauki hauya.

"Ni ma daga rumbun nan nike ci. Saminu, buga min taken nasa, na san shi tun kahin a haife ka. Da shi ya yaudare ni."

Saminu ya buga. Inna ta yi taku biyu, ta ɗaga hauya ta cilla. Hauyar ta yi sama kamar kamu ɗaya ta faɗo kusa da ƙafar Moussa, ya yi tsalle yana salati.

"Ba haka ba ne!" Kawu ya daka tsawa. "Wa ya ce miki daga ƙota ake kamawa? Kin ɓata taken, kin ɓata hauyar!"

"To haka na iya, Alhaji. Saminu, ƙara."

Ta sunkuya za ta sake ɗauka. Kawu ya riga ta. Ya tsaya riƙe da hauyar, yana duban hadarin da ya ci rabin sama, yana duban geronsa. Ya cire hula ya miƙa mini, ya tuɓe babbar riga ya ɗora a kafaɗar Moussa.

"Riƙe, kai ka ja. In gwiwata ta ƙi, kai za ka goya ni gida."

Saminu ya sauke sautin ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗaga shi. Kawu ya ja da baya, ya karkata kafaɗa, ya doki ƙasa da ƙafar da ke da lafiya, ya cilla hauya sama. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya caɓe ta da hannu ɗaya, ya shige cikin ciyawar yamma yana rawa, ganga na binsa, samarin gonaki biyu na jera hauyoyi a bayansu.