Ƙofar Saman Bene

Da ƙyar Malam ya cafko gefen rigar 'yarsa, ƙafarta ɗaya ta riga ta bar matakalar farko tana lilo a iska. Ya fizgo ta ya rungume, ita kuwa sai ƙyalƙyala dariya take yi tana ja masa gemu.

"Na bakwai ke nan yau," in ji wata murya daga tagar da ke kallon tasu. "Ina ƙirgawa."

Malam ya juya. Tsohon nan ne na gidan maƙwabta, riƙe da ƙarafan tagarsa da hannu biyu. Lungun da ya raba gidajen bai fi faɗin baro ba, har kana iya jin ƙamshin man zafin da ake shafa masa.

"Baba, na takwas ne. Ɗaya kana barci."

"Af! To ka ga amfanin malamin lissafi."

Yadda abin ya faro shi ne, da aka ba da dogon hutu, Malam da matarsa, wadda ita ma koyarwa take yi, suka ɗauko 'yarsu suka zo gidan iyayenta da niyyar kwana bakwai. Yarinyar shekararta biyu ba wata ɗaya, ana ce mata Guguwa, kuma duk wanda ya zauna da ita minti biyar ba ya tambayar dalili. Kwanansu biyu da zuwa surukarsa ta zame a banɗaki, ƙugunta ya goce. Daga nan matarsa ta koma mai jinya, kwana bakwai suka zama sai abin da hali ya yi.

Ƙasan gidan kuwa ba wurin yaro ba ne. Ɗakin gaba shagon surukar ne, tangaran da kofunan gilashi jere tun daga ƙasa har rufi. Tsakar gida murhu ne da tukwane da 'yan dubiya. Ranar farko Guguwa ta fasa faranti shida a tashi ɗaya, saboda haka aka yanke hukunci: ita da ubanta su zauna a sama. Saman kuwa ɗaki ɗaya ne da ɗan fili a gabansa, sai matakala goma sha huɗu da suka miƙe tsaye, ba ƙofa ba shinge. A bakin benen nan Malam ya tare. A nan yake cin abinci, a nan yake gyangyaɗi, ƙafarsa ɗaya a miƙe ta tokare bango. Ƙanin matarsa, wani direba mai bakin tsiya, in zai fita sai ya ɗaga kai ya ce, "Maigadi, a buɗe mana get!" Gidan duk a kwashe da dariya.

Tsohon da ke tagar kafinta ne, shekara hamsin yana sana'ar. Zuciyarsa ce ta kumbura, 'yarsa ma'aikaciyar jinya ta dawo da shi ɗakin sama, ta hana shi sauka, ta hana baƙi hawa sai da izininta, ta kulle akwatin kayan aikinsa ta tafi da makullin asibiti.

"Ni da kai duk ɗaurarru ne," ya ce wa Malam rannan. "Bambancin dai, kai mai gadinka ba ta iya magana ba tukuna. Tawa kuwa har da Turanci."

"Baba, ni ko bakin titi na manta kamarsa."

"Me zai hana ka sa ƙofa a bakin benen nan?"

"Na yi maganar. Surukata ta ce ba ta son baƙon ma'aikaci ya riƙa ratsa mata shago tana kwance."

"Wa ya ce baƙo? Kai ba ka da hannu ne?"

Malam ya dubi hannayensa. Alli kaɗai suka sani.

Tsohon ya ɓace daga tagar. Aka ji ana jan abu a ƙasa, ana nishi, ana hutawa. Can sai ga kan katako ya leƙo ta tsakanin ƙarafa, ya tsallaka lungun yana rawa, Malam ya kama ya jawo. Haka aka yi har guda tara. Daga baya zarto ya biyo, ɗaure a jikin sandar mofa, sai guduma, sai gwangwanin madara cike da ƙusoshi.

"Ba ka ce ta kulle akwatin ba?"

"Ta kulle wanda ta gani. Ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba." Ya tsaya ya mai da numfashi. "Saurara. Benen nan ni na buga shi, tun matarka tana goye. Faɗin bakinsa taƙi biyar ne da yatsu uku. Ka san taƙi? Ka ware hannunka, daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya. Kada ka ɓata lokaci wajen awo, ni ban taɓa riƙe tef ba, kuma ban taɓa yin ƙofar da ta ƙi shiga ba. Yanke biyu na kwance a haka, biyar na tsaye ne."

Aikin ba ya yiwuwa sai da sharaɗi uku: Guguwa tana barci, surukar ba ta barci, 'yar tsohon kuma tana wurin aiki. In ka tace wannan duka, abin da ke saura bai fi awa ɗaya ba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ko a nan ma, zarto na fara kuka sai a jiyo murya daga ƙasa: "Wai gidan nan rushe shi ake yi ina raye?" Matarsa ta hau da sauri, hannunta duk sabulu.

"Baban Guguwa, don Allah a hankali."

"A hankali ake yanka katako?"

"Ni dai ka gama. In akwai ƙofa, daga ɗakin Mama ina jin motsinta, kai kuma ka fita ka sha iska. Kullum fuska kamar an aiko maka da sammaci."

Tsohon ya ji wannan. Da ta sauka ya ce, "To ka ji. Ranar da ka sa sakata, ka zagayo. Zan sa a dafa shayi, mu zauna a kujera kamar mutane. Na gaji da ganin fuskarka ƙarafan taga sun yanka ta gida huɗu."

Malam ya yi alkawari. Tun daga ranar, abin ya tsaya masa a rai fiye da komawa gida.

Kwana huɗu ya yi yana yanka da gogewa. Ya tsaga babban yatsa, ya samu ƙuraje biyu a tafin hannu. Rana ta biyar ya haɗa ƙofar, ya ɗaga ta da alfahari ya kai bakin benen. Ta tsaya a tsakiya, ta bar rata a gefe. Kafin ya gama mamaki, Guguwa da ta farka ta zo ta zura kai ta ratar, kafaɗa ta bi, ya kamo ta a ƙugu.

"Baba, ba ta kai ba!"

Yanzu tsohon ba ya tsayuwa, a kujera yake, kansa kaɗai ake gani. "Ba ta kai ba? Taƙi nawa ka yi?"

"Biyar da yatsu uku, kamar yadda ka ce."

Tsohon ya ƙura masa ido. Sannan ya ce, "Ɗago hannunka. Ware shi."

Malam ya ware a jikin ƙarfen taga. Tsohon ya ɗago nasa ya ware daga can. Hannu ne kamar faranti, yatsun sun baje, shekara hamsin na riƙon katako sun buɗe su. Na Malam a gabansa kamar na ɗan makaranta.

Dariya ta kama tsohon har ta koma tari, tarin ya daɗe bai sake shi ba. Da ya samu kansa, idanunsa na hawaye, ya ce, "Laifina ne. Duk yaran da na koya wa aiki, da hannuna suke awo, ni nake ɗora musu. Na manta ban taɓa ba wani awo ta taga ba. Amma kai ma, Malam, da digirinka, ga bene a gabanka, ba ka gwada ba?"

"Ka ce kada in ɓata lokaci."

"Haka kake koya wa yara? Duk abin da babba ya faɗa?"

Katakon da ya rage guda biyu ne, babu wani. Tsohon ya ce a miƙo masa ɗaya. Ya kwantar da shi a kan cinyarsa, ya ciro guntun fensir daga bayan kunne, ya riƙa ɗora hannu yana ja masa layi. Sau uku yana tsayawa ya jingina kai da bango. Da ya turo katakon, sai da Malam ya zura hannu har kafaɗa, don turin bai kai rabin lungun ba.

"Yanka ɗayan daidai da wannan, ka ɓare na kwancen ka sa su. A hankali za ka zare ƙusoshin, kada ka tsaga na tsayen. Ka ƙara na tsaye ɗaya daga guntayen da ka yanke."

Washegari kan tsohon bai bayyana ba. Muryarsa dai ta fito daga gado, siririya.

"Ina jin ka. Wannan ƙusar ta karkace."

"Ta ina ka sani, Baba?"

"Kukanta daban ne. Kana riƙe gudumar a wuya kamar za ka shaƙe ta. Koma ƙarshen ƙotar, ka bar nauyinta ya yi aikin."

Ranar da ta biyo baya aka wuni ana ruwa, aka rufe tagogi. Guguwa ta ƙi barci, ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta zubar da gwangwanin ƙusoshi, Malam ya bi su da rarrafe yana ƙirgawa don kada ta haɗiye ɗaya. Ya zauna a bakin benen da ita a cinya, yana jin 'yan dubiya a ƙasa suna ta hira, ana tambayar, "Ina mijin naki, ko ya koma?" Matarsa ta ce, "Yana sama." Aka ce, "Allah sarki," aka ci gaba da zancen farashin tangaran.

Da gari ya waye ya leƙa. Tagar a buɗe take, amma ya ga gilmawar farar riga a ciki. 'Yar tsohon ba ta je aiki ba. Ya tsaya da guduma a hannu yana shawara. Sai ta zo bakin tagar, ta dube shi, ta dubi zarton ubanta da ke jingine a bayansa. Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Yi aikinka, Malam," ta ce. "Shi ya ce in buɗe."

Ya yi. Bai jira barcin Guguwa ba, ya ɗaure ta a bayansa da zanen uwarta, ya durƙusa. Surukar ta yi magana daga ƙasa sau biyu, bai ko ɗaga kai ba. Ya riƙe gudumar a ƙarshen ƙota. Ƙusa ta shiga da bugu uku, ta biyu ma haka. Ya kafa ƙarafan da ƙofar za ta riƙa juyawa a kansu, ya ɗaga ta ya zaunar. Ta shige bakin benen cif, ko takarda ba za ta ratsa ba. Ya buga sakata ta waje, can sama inda ɗan hannu ba zai kai ba. Ya sauke Guguwa, ya fita, ya rufe. Ta kama ƙofar ta girgiza da duk ƙarfinta. Ko motsi.

"Maman Guguwa! Ki kasa kunne, na fita!"

Ya sauka matakala goma sha huɗu, ya ratsa ta tsakanin tangaran, ya fito titi. Hasken ya kashe masa ido. Kwana goma sha tara rabonsa da waje. Ya zagaya kwanar, yana kakkaɓe garin katako daga rigarsa, yana shirya abin da zai ce game da taƙi.

Ƙofar gidan a buɗe take. Ya yi sallama, ba a amsa ba, ya hau. 'Yar tsohon tana zaune a matakalar ƙarshe, takalmanta a hannu, kamar ta manta abin da za ta yi da su.

"Malam ne?" ta ce. "Bai fi minti ashirin da cikawa ba."

Malam ya dafa bango. Ya yi salati a hankali, ya sake yi.

"Yana ta sauraronka. Na ce bari in rufe tagar ya samu barci, ya ce in na taɓa ta zai tashi ya mare ni." Ta yi ɗan murmushi, ta share hanci da bayan hannu. "Can da ka yi wani bugu, sai ya ce, 'Yauwa. Hannu ya zauna.' Ban gane ba. Na juya in ɗauko masa ruwa."

"Ya ce mu sha shayi," in ji Malam.

"Ya faɗa min tun jiya. Na ɗora ruwan ma." Ta matsa gefe. "Shiga. Kafin mutane su taru."

Ɗakin ƙarami ne, bai kai nasu ba. An lulluɓe tsohon da farin mayafi har kai, hannu ɗaya ya ɗan fito ta gefe. Kujeru biyu ne a ɗakin, an jawo su kusa da juna. Malam ya gyara mayafin ya rufe hannun, ya zauna a ɗaya.

Daga nan ana ganin komai. Ga tagarsu, ga ƙofar ɗakinsu a buɗe, ga bakin benen. Guguwa ta daina girgiza ƙofar. Ta zauna dirshan a gabanta, ta zura ƙafafu biyu ta tsakanin katakan, tana kaɗa su a iska, tana jiran wanda zai hawo.

A ƙasa, butar shayi ta fara kuka.