Iskar Ɗaki Ɗaya

Ranar da Kawu Gebia ya sauko daga kwalekwale da tabarmarsa da buhun sago, garin da suke tuwo da shi, babu wanda ya tambaye shi yaushe zai koma. Wa zai tambaya? A tsibirin Daru in ɗan'uwa ya taso daga ƙauyukan kogi, matsawa ake yi a ba shi wurin kwana, ko da ɗakin ya cika har ƙafar wani tana kan wuyan wani. Balle shi, wan mahaifiyar Nagia ne, matar gidan da ya sauka. Shi ya riƙe ta bayan uwarta ta rasu, shi ya koya mata kamun ƙaguwa ba tare da ta bar yatsa a rami ba.

Tari ne ya kawo shi. Ya ce sanyin kogi ne, zai ga likita in ya huta. Hutun nan kuwa ya ƙi ƙarewa, don Kawu, da girmansa da furfurarsa, tsoron allura yake kamar ransa. Kullum sai gobe.

Nagia ba yarinya ba ce, ta san tarin da ke yawo a tsibirin nan, babu layin da bai ɗauki wani ba. Sai ta yi abin da ta ga kowa yana yi. Ta ware wa Kawu kofinsa da kwanonsa da cokalinsa, ta ɗaura musu jan zare, tana wanke su da tafasasshen ruwa. Duk yaron da ya taɓa su ya sha rankwashi. Sannan ta rufe tagogin ɗakin ruf, ta cusa tsumma a kowace kafa, wai kada iskar teku ta ƙara masa ciwo. In za a faɗi gaskiya kuma, har da gudun kunnen Dorobe, maƙwabciyarta, wadda ba ta iya ajiye magana ko ta minti ɗaya.

Duk da haka sai da Dorobe ta tare ta a kasuwa.

"Nagia, injin kwalekwale kuka saya ne? Kullum ina jin ana tayar da shi yana ƙin tashi."

"Ke dai ji da minsharin mijinki, wanda ya kori kifin bakin gaɓa kaf."

Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta yi, amma ta yaƙe.

Da rana gidan watsewa yake yi. Wasi, mijinta, yana teku wajen kamun kifi, yara suna makaranta, ita tana kasuwa da ƙaguwarta. Sai a bar Kawu da Ila, autarta, wadda ko zama ba ta gama iyawa ba. Kai, ka ga ƙauna! Ya sa ta a jakar saƙa da ke rataye a ɗakin yana lilo da ita, in ta farka ya ɗora ta a ƙirji, hanci da hanci, yana rera mata waƙoƙin tuƙin jirgi. Tari ya katse shi, ya juya ya yi abinsa, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Nagia har godiya take wa Allah da ya kawo mata mai reno.

Sai da jini ya fito a kakinsa Wasi ya tasa shi gaba zuwa asibiti. Tarin fuka ne, kuma irin mai taurin kan nan da ba ya jin maganin farko.

Ba a jima ba wata nas, Sista Kila, ta zo duba mutanen gidan. Ta hau tsanin katako, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara takunkuminta. Nagia ta yi maza ta ɗauko kofin mai jan zare.

"Sista, kin gani? Tun ranar da ya zo babu wanda ya sha da shi. Ko sau ɗaya."

Sista ba ta ko kalli kofin ba.

"Wa ya toshe tagogin nan?"

"Ni ce. Saboda sanyi."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwansa."

Sista ta sassauta murya.

"'Yar'uwa, ba a kofi yake ba. A iska yake. Wanda ya gifta shi a kasuwa, ko ya gaisa da shi a ƙofar coci, da wuya ya ɗauka. Wanda ake ji wa tsoro shi ne mai wuni da kwana da shi a rufaffen ɗaki. Ƙananan yara kuma sun fi kowa rauni. Wa ke zama da shi da rana?"

Nagia ta waiwaya. Sista ta bi idonta zuwa jakar da ke lilo, ba ta sake tambaya ba.

Aka ce a buɗe tagogi, Kawu ya kwana daban har magani ya kama jikinsa. To, a ina? Gidan ɗaki ɗaya ne a kan turaku, ƙarƙashinsa taɓo, in teku ta ciko kuma ruwa. Gadajen asibiti duk da masu su, waɗanda suka fi shi jin jiki. In ya koma ƙauye ya rabu da magani ke nan, don kullum sai a gaban ma'aikaci ake haɗiye shi.

"Ki yi masa magana," in ji Wasi. "Kawunki ne."

"In ce masa me? Da wane bakin? Mutumin da ya goya ni?"

"To 'yar fa?"

"Ka ɗauka ban san da 'yar ba?"

Kawu bai bari an faɗa masa ba. Da kansa ya ja tabarmarsa zuwa dandamalin katakon waje da ake shanya komar kamun kifi, Wasi ya kafa masa tamfol. Daga ranar bai sake taɓa Ila ba. In ta jiyo muryarsa ta dinga miƙa hannu tana tsala ihu, shi kuma yana rera mata daga nesa ta cikin takunkumi, muryar a dusashe. Wani lokaci Nagia ta ji haushinsa ya turnuƙe ta, da ya je asibiti da wuri! Sai ta ga tsumman da ta zaro daga taga, haushin ya dawo kanta. Ta rasa wanda za ta kama da laifi, abin ya fi komai cin ranta.

An duba manyan yaran, lafiya lau. Ita Ila aka ce a riƙa kawo ta awo. Nagia ba ta bukatar sikeli, hannunta ya gaya mata yarinyar tana raguwa. Nono ma sai ta kama ta saki, jiki kullum da ɗumi. Aka ɗauki hoton ƙirjinta. Likita ya nuna wa Nagia wani fari-fari a jikin hoton, ya ce akwai magani, doguwar hanya ce amma yara da yawa suna warkewa. Ta lura da yawa ya ce, bai ce duka ba.

Rana tsaka ta iso gida. Kawu yana zaune a ƙarƙashin tamfol yana ɗinkin koma. Ya ɗago ido yana neman amsa a fuskarta.

"Ɗiyata, me suka ce?"

Ba ta tsaya a nesa inda ta saba tsayawa ba. Ta tako har gabansa, ta durƙusa, ta miƙa masa yarinyar.

"A'a, a'a, matsa da ita! Kin manta abin da Sista ta ce?"

"Karɓe ta, Kawu."

Ya dube ta, ya dubi Ila da ke ta zillo tana son isa gare shi. Allurar ɗinkin ta suɓuce daga hannunsa ta faɗa ta tsakanin katakai.

"Karɓe ta," in ji Nagia. "Yanzu babu abin da za a tsare mata."