Danshin Ɗakin Alhaji Nomau

A Sabon Shagamu, in zance ya faɗo kan Alhaji Nomau, 'yan kasuwa cewa suke goro bai taɓa lalacewa a hannunsa ba. Wasu har rantsuwa suke yi daushen da ya ajiye tun bara ya fi sabon goron wani ƙyalli. Matan layin kuwa nasu zancen daban ne. Sun ce duk wanda ya haɗa katanga da gidan ya haddace tarin Hajiya Tabawa, domin a ɗakin kwanansu Alhaji ke jibge huhunan goro, yana yayyafa musu ruwa safe da yamma, har bango ya yi baƙi ƙirin da funfuna. 'Yarsu Balaraba, mai aikin jinya, ta yi roƙo har ta gaji a kan ya fitar da goron ya sayi injin nan mai tsotse danshi. Shi kuwa ya ce injin da zai busar da ɗaki, ai goronsa zai fara busarwa. Da damina ta yi tsakiya ƙirjin Hajiya ya ƙi daɗi, sai Balaraba ta yanke hukunci: za ta kai uwarta Gusau wurin dangi, kuma ba ta ambaci ranar dawowa ba.

Jiya ce ranar tafiyar. Bayan azahar ana ta ruwa, Alhaji ya kishingiɗa a tabarma ya juya fuska bango, don kada a ce ya tsaya kallon haɗa kaya. Barci ya sace shi, ya yi wani mafarki.

Ya ga kansa a wani gari inda ruwan sama ke sauka a cikin ɗakuna, waje kuwa rana ta ƙwalle. Da hadari ya haɗu sai mutane su fito a guje su fake a tsakiyar titi. Bangaye na ta zufa, dattawa na tsaye suna yi musu fifita. Alhaji bai yi mamaki ba. Ya tarar da wata mata tana shanya wanki a cikin rijiya, ya tambaye ta inda ake sayar da injin tsotse danshi. Ta nuna masa gabas, ta ce ya bi yamma zai fi sauri.

Mai shagon wani kwaɗo ne, da hula zanna da tabarau, yana zaune a cikin daro.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Yaya bushewa?"

"Bushewa ta yi gyara," in ji Alhaji.

Injuna uku ne zaune a kan benci kamar masu jiran ɗaurin aure. Kwaɗo ya yi masa bayani cewa a garin nan mai saye ba ya zaɓe, inji ne ke zaɓen mai gida, don haka ya gyara tsayuwa. Ƙaramin cikinsu bai fi buta ba, aikinsa lasar raɓa daga madubi da gilashin taga. Ya dubi Alhaji sama da ƙasa, ya shinshini rigarsa, ya ce wannan danshi ya fi ƙarfin cikinsa, ya kau da kai. Babban ya kai firij, murya gare shi kamar injin niƙa. Kwaɗo ya rage murya ya ce kada a yi garaje da wannan, ga cin wuta ga haɗama: gidan da ya zauna na ƙarshe, miyar kuka ta koma gari a cikin tukunya, rijiya ta zama rumbu, aka yi rasuwa aka rasa hawayen kuka sai da aka aro a maƙwabta.

Na tsakiyan tsayin turmi ne, ba shi da hayaniya. Shi ne ya fara yi wa Alhaji tambayoyi. Ya tambayi girman ɗakin, Alhaji ya faɗa masa yawan huhun da yake ci. Ya tambayi bangon da ya fi zufa, Alhaji ya ce na kudu, nan ma yake jingine marsa, wato zaɓaɓɓen manyan goro. Ya tambayi lokacin da tarin Hajiya ya fi tsananta, da abin da take yi in numfashi ya ƙi. Alhaji ya buɗe baki, ya laluba ko'ina, bai sami komai a ciki ba.

"To wa za a bar wa lemarsa, wa za a busar?" in ji injin. "Ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar duka biyun."

Alhaji ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Kwaɗo ya ƙulla masa lokaci a leda, ya miƙa masa, yana ɗiga.

Sai ga shi a ɗakinsa. Goro ne kwance a kan gado, fari da ja, an tada masa kai da matashi, an lulluɓe shi da bargon Hajiya, yana ta minshari. A kusurwa kuwa, cikin huhu, Tabawa ce a naɗe da ganye, kanta kawai ke waje, ɗankwalinta ya jiƙe sharkaf. Alhaji ya ga ƙwarya a hannunsa na hagu, na dama yana tsoma yatsu yana yayyafa mata ruwa, a tsanake, yadda ya saba.

"Alhaji, ya isa haka," in ji ta. "Na jiƙu."

Ya so ya tsai da hannun, hannun ya ƙi. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ba ya bukatar mai shi. Ya so ya yi magana, sai ya ji harshensa ya yi gashi-gashi, funfuna ta tsiro a kai. Goro ya yi juyi a gado, ya ce a rage surutu, marsa na barci.

Ya fita da gudu zai koma shagon. A hanya ledar ta ƙarasa tsiyayewa. Da ya waiga sai ya ga injin na tsakiya yana biye da shi a baya kamar akuyar gida, yana jan wayarsa a ƙasa. Injin ya ce ya zaɓe shi ne ba don ya ci tambayoyin ba, sai don ba wanda ya fi shi bukata.

Suna shiga ɗaki Alhaji ya hau laluben wurin jona waya a bango. Injin ya ce ya daina wahala, a garin nan a kunnen maigida ake jonawa. Alhaji ya jona. Injin ya kama wani gurnani a hankali, baƙin bango ya soma ja da baya, zufar ta ƙafe, tankin da ke cikinsa ya cika taf. Injin ya ce a je a zubar, wannan aikin mai gida ne kullum, ba a aikawa.

Alhaji ya ɗauki tankin zuwa tsakar gida. Yana karkatawa, ruwan ya fara magana da muryar Tabawa. Ashe duk abin da ta faɗa a ɗakin nan tsawon damuna da damuna, bango ne ya shanye, tunda shi bai ɗauka ba. Ruwan ya ce zannuwanta na wari ko an wanke. Ya ce atamfar da ta gada wurin uwarta ta ruɓe a akwati. Ya ce yanzu a zaune take barci, in ta kwanta ƙirji ya toshe. Ya ce ko zaure a mai da goron, ai zaure ma ɗaki ne. Babu faɗa a muryar ko kaɗan, kamar mai ba da labarin wata. Alhaji ya ci gaba da zubawa. Ruwan ƙasan tanki, na damunan bayan nan, ya fito shiru. Ya girgiza tankin, ya kara kunne. Ruwa ne kawai.

Ya koma ya kwance huhun. Ganye ya tarar, da ɗankwali.

Sai ga shi a tasha. Motar Gusau kwale-kwale ce a kan kwalta, Balaraba ce riƙe da sitiyari, Tabawa na zaune a baya da jaka a cinya. Kwaɗon nan ne ɗan kamasho, yana kiran saura mutum ɗaya. Alhaji ya ɗaga hannu, kwaɗo ya taɓa rigarsa, ya ce ba sa ɗaukar jiƙaƙƙen kaya. Kwale-kwale ya tashi. Alhaji ya bi shi, kowane taku yana mai da shi baya. Ya buɗe baki zai kira ta, sai ɓarin goro ke zubowa. Kwalta ta fara tsagewa da wata ƙara, ƙiii, ta tsaya, ƙiii.

Ya buɗe ido. Zif ɗin jaka ne. Tsatsa ta cinye shi, Hajiya na durƙushe ta danne jakar da gwiwa tana ja, tana tsayawa ta yi tari ta ci gaba. Ruwa ya ɗauke a waje.

Alhaji ya tashi. Ya kama huhun da ke kusa da gado ya ja shi har zaure, ya dawo ya kama na biyu. A na uku bayansa ya amsa, ya dafa ƙofa yana haki. Hajiya ta saki zif ɗin tana kallonsa.

"Zai bushe a can fa, Alhaji."

"Ya bushe."

Ta dubi wurin da huhunan suka tashi, inda siminti ya yi kore. Sannan ta ce masa Balaraba ta kira, mota ta shigo layi. Bai ce ta fasa ba, ya san ba shi da bakin faɗin haka. Ya durƙusa kusa da ita ya kama zif ɗin, ya ja shi a hankali har ya rufe, hannunsa na kan jakar bai ɗauke ba.

"Je ki warke, Hajiya. In Allah Ya dawo da ke, ɗaki busasshe za ki tarar." Ya ɗago ya dube ta. "Kin faɗa, ban ji ba. Na cuce ki, Tabawa. Ki yafe mini."