Inda Habsatu Ke Shigowa

Tun da na ga yadda Baba Sulemana ya kifa tafin hannunsa a kan akwatin kaset ɗin nan, ya kamata in kama bakina. Ban kama ba. Ni na fi kowa magana a ranar.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa a gidan hayarmu na Asawase. Tsohon tela ne, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ba shi da abokin hira sai kaset-kaset na waƙoƙin finafinan Indiya da ya tara tun yana saurayi. Ɗansa Khalidu ne ya zo daga Tema da sabbin fayafayan sidi da na'urarsu, har da abin saƙalawa a kunne.

"Baba, an sake fito da su ne," in ji Khalidu. "Naka waƙa biyar ce a kowane fim, wannan goma sha biyu. An wanke sautin, babu shiii ɗin nan kraa, ko kaɗan."

"Shiii ɗin ya taɓa cizonka?"

"Kyankyasai ne cike da akwatin. Su ke sa ka tari."

Ni abin kunnen nake kallo. 'Yata Mubina za ta sake zana jarrabawar da ta faɗi bara, kuma kullum daga la'asar zuwa magariba kiɗan Baba ne ke cika mana ɗaki. Ni a aji shida na tsaya, ba na so ta tsaya kusa da inda na tsaya.

Na ce, "Baba, ai ko keken ɗinki ana canzawa."

"Nawa ban canza ba, Garuba. Shi ya ɗinka maka rigar sunan Mubina."

Muka yi ta lallashi. Can ya janye hannunsa ya ce, "Yoo."

Duk wanda ya tashi a Zango ya san "yoo" na ji ne, ba na yarda ba. Ni ma na sani. Amma washegari, da Khalidu ya kai shi asibiti wankin ƙafa, mai sayen kondam, wato tsofaffin tarkace, ya wuce da kurarsa yana kira, ni na fita na tsayar da shi. Khalidu ya riga ya ce in rabu da kayan. Na ba shi akwatin, har da tsohuwar rediyon da Baba ke kunna kaset ɗin na ɗora masa.

Kwana uku ban ji komai ta bango ba. A na huɗu ya ƙwanƙwasa da sandarsa. Na same shi ya cire abin kunnen, waƙa tana tashi tas, mace da sarewa.

"Zauna. Saurara," ya ce, ya ɗaga yatsa. "Nan Habsatu ke shigowa."

Matarsa ke nan, shekara tara da rasuwa. Waƙar ta ci gaba, sarewa ta hau ta sauka. Yatsansa yana sama har ta ƙare.

Ya ba ni labari. Wata shekara Habsatu ta so aika wa uwarta saƙo a Doso, lokacin da ake yin magana a kaset a ba direba. Ba ta sami kaset fanko ba, sai ta ɗauki nasa ta cusa takarda a ramukansa don ya ɗauki murya, ta yi maganarta a tsakiyar waƙar da ya fi so. Ya hana a tafi da shi. Saƙon bai taɓa zuwa Doso ba.

"Kwana uku ban ci tuwonta ba saboda rabin waƙa," ya ce. "Ga shi yau an dawo mini da rabin." Ya yi 'yar dariya ta koma tari. "Jawo mini akwatin, mai jan zare a jiki nake so."

"Yana wurin Khalidu, Baba. Ya kai a share."

Ya daɗe yana kallona. "Yoo."

Na rufe shagona na yi kwana biyu a Akwatialine, rumfa-rumfa wurin masu kondam. Na ga rediyon, an farke cikinta. Mai rumfar ya ce, "Masta, mu ƙarfe muke awo. Roba bola take zuwa, ko yara su kwashe."

Kullum in na shiga gaishe shi sai ya ce, "Khalidu bai gama sharar ba?" In ce saura kaɗan. Sidin kuwa bai sake kunnawa ba. Ya lulluɓe na'urar da ƙyallen atamfa.

Ranar Juma'a da hantsi matata Alima ta kai masa koko, ta same shi a jingine da bango, ta wajen ɗakinmu. Bayan sallar Juma'a muka kai shi maƙabartar Tafo.

A hanyar dawowa, daf da kwanar gidanmu, na ga zaren kaset ya naɗe a wayar lantarki, iska tana kaɗa shi yana ƙyalli. Na tsaya har mutane suka wuce ni. Ya yi mini nisa.

Yanzu Mubina tana karatu babu abin da ke damunta. Da la'asar takan ɗago kai ta kalli bangon, ta koma kan littafi. Ban san ko zaren nan na kaset mai jan zare ba ne. Ban kuma san wace "yoo" ce Baba ya yi mini ta ƙarshe ba.